Wa Ke Sauke Ɗorawar?

Shekara arba'in da bakwai ke nan, a wannan daminar, da muka kai mijina Barista Ishaya makwancinsa a ƙauyensu da ke gefen Samaru Kataf. Shekarun da na yi ina gwauruwa sun ninka waɗanda na yi a ɗakinsa, har da ɗoriya. Mazan da suka ɗauki akwatinsa duk sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu in na ambaci sunansa a coci, matasa kan gyaɗa kai ne don ladabi kawai. Ban saba rubutu a jarida ba. Ni tsohuwar malamar firamare ce, abin da na iya shi ne jan biro a littafin yara. Amma bana wata magana ta fama mini tsohon miki, na kuma ga in ban faɗa ba, babu mai faɗa.

Jikata Tabita tana shekarar ƙarshe a karatun lauya. Da ta zo hutu nan Kafanchan, muna gyaran acca a tsakar gida, sai take ba ni labari cewa makarantarsu ta kira taron sake duba manhaja, wato darussan da ake koya musu. An gayyato waɗanda za su ɗauke su aiki in sun gama: bankuna, kamfanonin waya, ma'aikatar shari'a, manyan lauyoyi da alƙalai masu ritaya. An tambaye su irin lauyan da suke so a yaye musu. Yanzu za a ƙara darasi a kan laifuffukan intanet da kuɗin da ke yawo a waya. Yarinya sai murna take yi. Na ce mata, "A cikin waɗanda aka kira ɗin, akwai manomi?" Ta yi dariya har ta kusa ɓarar da accar. "Kaka, manomi kuma? Me zai gaya wa farfesa?" Ban ji haushinta ba. Irin dariyar da aka yi wa kakanta ke nan, sai dai shi a gaban idonsa aka yi ta.

Ishaya yana cikin lauyoyin farko-farko daga ƙasarmu. Abokan karatunsa suka nufi Kaduna da Legas, shi kuwa ya dawo ya kama ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa ya kafa allo. A lokacin tashar tana da rai, ba kamar yau da awaki ke kwana a kan dogo ba. Amma ma'aikatan reluwe kaɗan ne a cikin masu zuwa wurinsa. Yawancinsu manoma ne, wasu tun daga Nok, da buhun citta a bayan keke a matsayin ladan lauya, kuma kusan duk ƙararsu a kan gona ce. Gidanmu har labule ƙamshin citta yake yi. Ban ɓoye masa ba cewa ni na so a ce matar lauya ta sauko daga mota, na kuma sha yi masa gori a kai. Ba ya ramawa. Dogo ne siriri, ba ya saurin magana, in ransa ya ɓaci sai ya cire tabarau ya yi ta gogewa da gefen riga.

Dole in bayyana wata al'ada tamu, don yaran yanzu ba su tarar da ita ba. A da, in baƙo ya zo ba shi da wurin noma, mai gona yakan yanka masa wani ɓangare aro. Babu takarda, babu haya. Ya noma ya ci, 'ya'yansa ma su noma su ci. Amma ba zai dasa itace ba, ba zai binne gawa a wurin ba, kuma in akwai ɗorawa a cikin gonar, ba shi da hannu a kanta. Duk bazara, in ta nuna, matan gidan da suka ba da aron su ne za su zo da gora mai ƙugiya su sauke ta, su kwashe kalwa su yi daddawa. Da rana tsaka ake yi, kowa yana gani. Wannan zuwan na shekara-shekara shi ne shaidar cewa gonar tasu ce.

Haka surukina ya yi da Malam Bitrus, mai bishara da aka aiko ƙauyen tun Ishaya yana goye. Ya ba shi gangaren gonarsa, mai babbar ɗorawa a tsakiya. Zumunci ya ƙullu tsakanin gidajen biyu har yara suka tashi ba su san ba dangi ba ne. Surukata, Mama Asabe, ba ta taɓa fasa zuwa sauke ɗorawar nan ba, matar Malam Bitrus kuma takan taya ta tsince, a ɗiba mata nata a ƙwarya. Shekarar da aka kawo ni gidan, ni ma aka miƙa mini gora, na dawo da wuya a sanƙare.

A tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya fara hawa wa mutane kai, jami'ar da ta yaye Ishaya ta aiko tana gayyatarsa irin taron da Tabita ke faɗa. Za a sake tsara karatun lauya, ana neman shawarar masu ɗaukar lauyoyi aiki da waɗanda suka daɗe a cikin sana'ar. Ban taɓa ganinsa cikin zumuɗi irin na wannan makon ba. Bazara ce, an aiko mana da ɗorawa daga ƙauye. Ina shirya masa jaka sai na ga ya ɗauko dami guda yana cusawa kusa da farar rigarsa. Na ce, "Baban Ladi, garin nan zai ɓata maka riga. Taron manya za ka, ko tallar ɗorawa?" Ya ce, "Malama, kowa zai je da littafinsa. Nawa ke nan." Na naɗe masa ita a tsohuwar jarida, ya hau jirgi ya yi arewa.

Ban je taron ba. Abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, kuma shi ba mai ƙara wa miya gishiri ba ne. Ya ce an zauna a dogon tebur, shugaban tsangayar ya yi tambaya mai kyau: wane irin lauya ƙasar nan take buƙata? Mutumin banki ya ce wanda ya san jingina da bashi. Na kamfani ya ce wanda ya san dokar kamfanoni, don Turawa suna sayar da hannun jari kuma babu masu rubuta yarjejeniya. Na ma'aikatar shari'a ya ce a ba su masu iya tsara doka da Turanci mai tsabta. Wani babban lauya daga Legas ya ce duk makarantar da ba ta koyar da dokar man fetur ta kwana. Malamai suna ta rubutawa. Ba a zo kan Ishaya ba sai bayan an ci abincin rana, ido ya fara nauyi.

Ya kwance jaridar ya ajiye ɗorawar a tsakiyar tebur, ya ba su labarin aron gona. Ya ce a yankinmu wanda ke ɗaukar lauya aiki ba banki ba ne, manomi ne da ya sayar da cittarsa, kuma babu irinsa ko ɗaya a ɗakin, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce yaran da ake yayewa sun san dokar gado ta Ingila kamar karatun haddar Lahadi, amma in aka tsayar da su a gona ba su san tambayar da za su fara yi ba. Za su tambayi wa ke noma, su tambayi shekara nawa, su nemi takarda. Ba za su tambayi wa ke sauke ɗorawar ba, don ba wanda ya taɓa gaya musu tambaya ce. Ya roƙi abu biyu. A riƙa tura kowane ɗalibi ya yi hutun bazara guda a karkara, yana zama inda dattawa ke raba rigimar iyaka, don gani ya kori ji. Sannan in za a sake irin wannan taro, a kira masu unguwa da manoma, har da mata.

Ba wanda ya wulaƙanta shi. Da ma sun yi, da ya samu abin riƙewa. Wani malami da suka yi aji ɗaya ya miƙa hannu ya ɓare ɗorawa guda, ya ce rabonsa da ita tun yana yaro. Na kusa da shi ma ya ɗauka. Kafin Ishaya ya zauna an zagaya da ita, manya masu kwat suna lasar yatsa, bakinsu ya yi rawaya, ana dariya ana tuna ƙuruciya. Mutumin bankin ya ce cikin raha, to wa zai biya albashin lauyan ɗorawa? Shugaban tsangayar, wanda Ishaya bai daina girmamawa ba har ya mutu, ya ce maganar tana da nauyi, amma kowane ƙauye da al'adarsa, babu littafi, to yaya za a tsara jarrabawa, wa kuma zai duba ta? A matsayina na malama na san wannan ba tambayar banza ba ce. Sai dai tambaya ce da ake nema wa amsa, su kuwa sun ɗauke ta a matsayin amsar. Aka ce za a kafa ƙaramin kwamiti, aka sa sunansa a ciki, aka tafa masa.

Da ya dawo na tare shi a ƙofa na ce, "Yaya taro?" Ya ajiye jaka ya cire tabarau. "Malama," ya ce, "sun cinye hujjata." Na yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba. Kwamitin nan bai taɓa zama ba. Romon baka ne. Ya yi ta bibiya, ana ce masa sai bayan jarrabawa, sai bayan hutu, sai sabon shugaba ya kama aiki. Sabuwar manhaja ta fito da duk abin da banki da kamfani suka nema. An ce kuma ɗalibai za su riƙa zuwa sanin makamar aiki, amma a ofisoshin manyan lauyoyi na birni. Ishaya ya share ɗaki guda a gidanmu, ya sa kafinta ya yi gado, ko za a turo masa wani ɗalibi. Ni na ƙare da ajiye buhunan citta a ɗakin.

'Yan watanni kafin rasuwarsa gwamnatin soja ta fito da dokar filaye. Ya karanta ta ya sake karantawa, ya ce mini za a samu masu fassara ta cewa wanda ke riƙe da fartanya shi ne mai gona, kuma yaran da za su tsaya su musa ba a ba su abin musawa ba. Ya ce in damina ta wuce zai sake komawa jami'ar. Bai ga kaka ba. Ciwon bai yi tsawo ba, ya bar ni da yara ƙanana da tsohuwar uwa.

Ba a jima sosai ba abin da yake tsoro ya shigo gidansa. Surukina ya riga ya rasu, Malam Bitrus ma haka. Hanya ta biyo ta kusa da gangaren, ƙasa ta yi daraja, sai ɗan Malam Bitrus da ke aiki a Kaduna ya ce gonar ubansa ce, zai sayar. Dattawa suka yi ta zama a gidan fasto, abin ya ƙi, har ya kai babbar kotu. Dangin mijina suka ɗauki Barista Luka, ɗan ƙasarmu, sabon yayen jami'ar da Ishaya ya je wa da ɗorawa. Yaro ne mai ladabi da ƙwazo, ya kuma rage mana kuɗi don darajar marigayi. Na same shi a ofis na ce masa ya kira Mama Asabe ta faɗi wa ke sauke ɗorawar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Madam, sori, amma itace ba shaida ba ne a kotu. Kes ɗin ƙasa ne, ba na miya ba. Dattawa maza muke so, waɗanda suka san iyaka." Na koma wurin ƙannen surukina, suka ce lauya ya fi mu sani, ba kuma a saba kai mace shaidar gona ba.

Ranar shari'a dattawanmu suka dafa Littafi Mai Tsarki suka rantse. An riga an ja musu kunne cewa abin da aka tambaya kawai za su amsa. Lauyan ɗaya ɓangaren ya ce wa ke noma gangaren? Suka ce gidan Malam Bitrus. Tun yaushe? Tun muna samari. Kun taɓa karɓar haya? A'a. Akwai takardar aro? Babu. Duk gaskiya suka faɗa. Barista Luka ya miƙe ya yi ta tambaya a kan duwatsun iyaka da sunayen kakanni, ya kawo shari'o'in da aka yanke a wasu wurare, Turancinsa kamar ruwa. Ina zaune a baya, Mama Asabe tana gefena da ƙafarta mai kumburi, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda riƙon gora. Ba wanda ya waiwaye ta. Alƙali ya yi hukunci da abin da aka sa a gabansa, ban kuma ga laifinsa ba.

A bakin kotu tsohuwar ta kama zanena. Ba ta jin Turanci, ba ta san an gama ba. Da na gaya mata, sai ta ce da irin Hausarta, "Rifkatu, to ɗorawan fa? Shi ma sun ba shi? Bana wane ne zai sauke?" Da bazara ta zo ta ɗauki gorarta ba ta gaya wa kowa ba, ta gangara. Kututture ta tarar. Wanda ya sayi filin, abin da ya fara yi ke nan, tun kafin ya kawo bulo ko ɗaya. Shi bai je jami'a ba, amma ya san abin da itacen nan yake faɗa. Ta dawo ta jingine gorar a bayan rumbu, ba ta sake taɓa ta ba. Har ta koma ga Ubangiji ba ta yarda ta ci miyar da aka sa daddawar kasuwa ba.

Daga baya na ji an ce manyan kotuna sun gyara fassarar, sun ce aro ba ya zama mallaka komai daɗewa. Mun gode, amma a gare mu ihu ne bayan hari. Asarar ma ba ta tsaya a gangare guda ba. Labari ya bazu ƙauye-ƙauye cewa gidan lauya guda ma an cinye musu gonar aro, balle talaka. Masu baƙi a gonakinsu suka fara korarsu tun ba su yi laifi ba. Gidajen da suka ci tuwo a ƙwarya ɗaya suka koma zama a benci daban-daban a coci.

Nakan tambayi kaina me Ishaya zai ce da ya ga yau. Zai yi murna da ganin reshen jami'a a Kafanchan, da 'yan mata irin Tabita sanye da baƙi da fari. Ta ce mini yanzu ana taɓa dokar gargajiya a aji, har sukan fita su ba marasa ƙarfi shawara kyauta. Wannan zai faranta masa rai, ba kuma zai ce don shi aka yi ba. Ba zai ƙi darasin intanet ba, shi da ya san in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Amma na san zai nemi ganin waɗanda aka zaunar a teburin shawara, ya duba su ɗaya-ɗaya, ya cire tabarau. Har yanzu wanda ke biyan albashi ake tambaya. Wanda ke biyan lauya da amfanin gonarsa sai dai ya ji an yaye, ya je ya gwada sa'arsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma inda mai riƙe da shi ya so can yake karkata.

Me ya saura na mijina? Allonsa ya ruɓe tuntuni, ɗakin ofishinsa yanzu ana gyaran waya a ciki. Babu littafi da sunansa, babu ɗalibin da ya kwana a gadon nan. Akwai dai tambayarsa, na kuma damƙa wa Tabita ita. Ta saurara, ba ta yi dariya ba a karo na biyu, ta ce za ta riƙe. Lauya guda ke nan, a bakin kakarta ta koya. Na so in tsaya a nan, in ce alheri ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sai dai akwai abin da ya faru a farkon daminar nan.

Wata mata ta zo gidana, 'yar zumuntar matan cocinmu ce ta rako ta. An tashe su daga ƙauyensu, an kashe mijinta, tana da yara. Ta ji cewa tudun gonar surukina, wanda ya rage mana, ba a noma shi bana. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ko kaɗan ne ki ara mini, in sa masara. Ni ba zan dasa komai ba, na san doka." Ta san al'adar sarai, har ta fi 'ya'yana saninta. Na dube ta, sai na ga kututturen nan, na ga gorar a bayan rumbu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce mata gonar ta yara ce, ba ni da iko. Na auna mata masara a buhu, na haɗa mata da zane. Ta ce, "Ba komai, Mama, Ubangiji ya sa albarka," ta miƙe ta tafi.

Da Ishaya yana nan, da ya ce a ba ta, ya kuma je da kansa ya dasa ɗorawa a tsakiya. Na san haka tun tana durƙushe. Baban Ladi, Ubangiji ya ci gaba da hutar da kai. Na daɗe ina kukan ka tafi da wuri, amma bana na gode da ba ka ga ranar da matarka ta hana aron gona ba. Na wuce ta tudun gonar makon jiya, ciyawa ta kai mini ƙugu.